Adakar Baba na Bakin Tafki: Amanar da Ta Dawo Wuyan Malamai

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zango, domin tunawa da dattijon nan masanin tarihin garuruwan Tafkin Kainji.



Shugaban reshe, sakatare da sauran shugabannin ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka amsa gayyata, wakilan iyalan marigayi, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, barkanku da zuwa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

An ɗora mini nauyin yin magana a kan mutumin da bai taɓa riƙe alli ba, bai taɓa karɓar albashin koyarwa ba, sunansa kuma ba ya cikin rajistar ƙungiyarmu. Duk da haka shugabanninmu sun ga dacewar a keɓe wannan zama domin tunawa da shi, kuma ina fata kafin in sauka za ku yarda cewa sun yi daidai. Mu da muka taso a gabansa Baba muke ce masa, bakinmu bai saba da kama sunansa ba, saboda haka da Baba zan ci gaba da kiransa. Babu wanda yake zaune a nan da bai san wanda nake nufi ba: dattijon nan mai ɗan gida a ƙarƙashin tsamiya, inda hanya ta ƙare ruwa ya fara.

Baba Bagunge ne, haifaffen wani gungu a tsakiyar kogin Kwara, tun zamanin da babu tafki. Mahaifinsa manomin albasa ne da rani, masunci idan ruwa ya kawo, kamar yadda aka san Gungawan ƙasar Yawuri. Ya yi karatun allo, a nan ya iya rubutun ajami. Boko kuwa a ajin Yaƙi da Jahilci ya same shi yana saurayi, cikin 'yan watanni, a gindin bishiya. Iyakar takardun shaidarsa ke nan. Da waɗannan hannaye biyu, ajami da boko, ya yi aikin da ya tara mu yau.

Domin matasan malamanmu da aka haifa suka tarar da tafki, suna zaton haka Allah Ya halicce shi, bari in tuna mana abin da ya faru. A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji domin samar da wutar lantarki, aka kammala ta a 1968. Da aka tare Kwara sai ruwa ya taru ya koma baya, ya zama tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130, tun daga madatsar har wajen Yelwa. Mutane fiye da 40,000 aka tayar daga mazauninsu. Tsohuwar Busa, babban birnin Bargu, ta nutse ɗungurungum, aka gina wa mutanenta Sabuwar Busa. Tsibirin Foge mai faɗin gaske ruwa ya ci mafi yawansa. Ƙauyukan Gungawa da Kambari da Lopawa da Larawa da Shangawa da zangon Sarkawa masunta, da gonakinsu da kasuwanninsu da maƙabartunsu, duk suka shige ƙarƙashin ruwa. Gwamnati ta gina wa mutane sababbin gidaje na siminti a kan tudu, wasu kusa da gaɓa, wasu da 'yar tazara.

Baba yana magidanci sabon aure lokacin da wannan ya faru. An ba shi gida kamar kowa, ya karɓa ya yi godiya, ya bar wa ƙannensa. Shi kuwa ya gangara inda ruwan ya tsaya, ya zaɓi gaɓar da ta fi kusa da inda gungunsu yake a da, ya gina ɗaki biyu na laka da ɗan zaure mai fuskantar yamma. A nan ya zauna har Allah Ya karɓi abinSa. Rufin ciyawa ya koma na kwano, tsamiyar da ya dasa ta girma ta rufe gidan, 'ya'yansa suka yi karatu suka watsu a Kwantagora da Sakkwato da Abuja. Babu irin roƙon da ba su yi masa ba ya koma gari, inda akwai asibiti da wuta da famfo. Amsarsa ɗaya ce: shi bai taɓa kwana inda ba ya jin motsin ruwa ba, ba kuma da furfura zai koya ba.

Wani zai ce wannan taurin kan tsofaffi ne kawai. Akwai taurin kai a ciki, iyalansa ma ba za su musa ba. Amma akwai dalilin da ya fi haka, kuma shi ne zuciyar maganata.

Baba ya sha faɗa cewa abin da ya sa ya ɗauki alƙalami wata gardama ce da ya ji a wurin zaman makoki, 'yan shekaru kaɗan bayan tashi. Dattawa biyu, waɗanda dukansu a gungu ɗaya aka haife su, suka yi ta musu a kan ko kasuwarsu ta da tana gabas da masallaci ko tana yamma. Aka rasa mai raba su. Ya ce a ranar ya gane irin rashin da aka yi. Duk garin da ya tashi a ƙasar Hausa yana barin kufai. Ko bayan shekara ɗari, jika zai iya zuwa a nuna masa tudun ganuwa, da kukar da aka yi kasuwa a gindinta, da ramukan marina, da tsohuwar rijiya. Kufai shi ne littafin wanda bai iya karatu ba. Mu kuwa namu kufan suna ƙarƙashin ruwa mai zurfin gaba da yawa. Babu inda za a kai yaro a ce masa ga ɗakin da aka haifi kakanka. Abin da ya rage na waɗannan garuruwa yana cikin kawunan mutanen da suka fito daga cikinsu, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wata unguwa. Sai ya ƙudura cewa tun da ruwa ya hana su kufai a ƙasa, shi zai yi musu kufai a takarda.

Ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya fara da gungunsu. Da ya cika ya sayi wani. Kuɗin kifi da na albasa yake ragewa ya sayi littafi da biro. Ya shiga kwale-kwalensa ya bi sababbin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, gaɓar gabas da ta yamma, yana zama da tsofaffi. Haka ya yi ta yi sama da shekara hamsin, har littattafan suka cika adakar ƙarfe wadda ƙarti biyu suke ɗauka da ƙyar. Da izinin iyalansa na yi makonni ina duba abin da ke cikinta, kuma ina so in gaya muku yadda ya yi aikin, domin a nan darasinmu yake.

Abu na farko, Baba bai taɓa rubuta labari ba tare da mai shi ba. A saman kowane shafi za ka ga sunan wanda ya ba da labarin, da garinsu na asali, da inda aka zauna, da watan da aka yi hirar. Idan mai labarin da idonsa ya gani, Baba yakan sa alama. Idan ji ya yi, sai ya rubuta daga bakin wa ya ji. Duk wanda ya zauna a gaban malaman hadisi ya san inda ya samo wannan tarbiyya. A kwalejin ilimi an koya mana bambanci tsakanin shaidar gani da ido da ta jiyau, da dogon Turanci. Shi daga zaure ya ɗauko ta, ya kuma yi aiki da ita fiye da yawancinmu.

Abu na biyu, idan ruwaya biyu suka saɓa, ba ya zaɓar wadda ta yi masa daɗi ya binne ɗayar. Yakan raba shafi biyu, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Mungo Park, Baturen nan ɗan Birtaniya da ya biyo Kwara a jirgi yana neman inda ta ƙare, ya halaka a duwatsun ruwan Busa a 1806. A hannun dama Baba ya rubuta abin da wasu tsofaffi suka gada, cewa mutanen gaɓa ihu suke yi suna nuna wa baƙin haɗarin duwatsu, su kuwa suka ɗauka hari ne suka buɗe wuta. A hannun hagu ya rubuta ruwayar da ta ce an harbe su da kibau ne domin an zaci mayaƙa ne, kasancewar lokacin jihadi bai daɗe da farawa ba, ƙasa tana cikin ɗar-ɗar. A ƙasan shafin ya rubuta kalma uku: Allah ne Masani. Duwatsun da abin ya faru a kansu yau suna ƙarƙashin tafki.

Wannan labari yana da jela wadda ta shafe mu. A 1830 wasu Turawa biyu, Richard Lander da ƙanensa John, sun zo Busa suka wuce har Yawuri, kuma cikin abin da suke nema akwai littafin da Park yake rubuta labarin tafiyarsa. Ba su same shi ba, har yau kuma babu wanda ya same shi. Ku duba fa: mutumin da gwamnatin ƙasarsa ta aiko, wanda aka yi ta turo mutane neman takardunsa, shekara 24 kacal ta isa rubutunsa ya ɓace a wannan ƙasa tamu. To ina ga adakar talaka a ɗakin laka? Takarda ba ta tsare kanta, sai an samu mai tsare ta.

Abu na uku, Baba bai ɗauki tarihi a matsayin kayan gidansu ba. Shi mutumin ƙasar Yawuri ne, amma ya haye ruwa ya zauna da mutanen Bargu ya rubuta abin da suke faɗa game da Kisra, wanda sarakunan Busa da Illo da Nikki ta Jamhuriyar Benin suke danganta asalinsu gare shi. Ya rubuta kuma labarin boren 1915, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasar a ƙarƙashin Yawuri, har Sabuki ya jagoranci tawaye. Wannan magana ce mai ƙaiƙayi ga gaɓoɓin biyu. Wani Bature masanin tarihi, Michael Crowder, ya yi littafi guda a kanta da Turanci a 1973. Baba bai karanta shi ba, amma ya tattara abin da jikokin ɓangarorin biyu suke faɗa, bai ƙara wa nasu gishiri ba, bai kuma rage wa na ƙetare ba.

A kan wannan hali ya sha wahala. Akwai lokacin da wani mai hannu da shuni yake neman sarauta, ya aiko masa da buhun shinkafa da turmin shadda, yana so a gyara masa salsala, a ɗan matso da kakansa kusa da gidan sarautar tsohon garinsu. Baba ya mayar da kayan a kwale-kwalen da ya kawo su, ya ce a gaya wa mai aiken cewa kakansa maƙeri ne, kuma maƙerin kirki, wanda duk gungun suke alfahari da mashin da ya ƙera, wannan ma abin tinƙaho ne ga wanda ya san darajar kansa. An yi shekaru ba a gaishe shi daga wannan gida ba. Amma saboda irin wannan tsayuwa ne, idan rikicin gado ko na iyakar gona ya taso tsakanin zuriyoyin da aka tayar, dagatai sukan aika a ɗauko littafin Baba, kowa kuma ya yarda da abin da aka karanto. Gaskiya dokin ƙarfe ce, in ji Hausawa, kuma Baba ya hau ta har ƙarshen ransa.

Abu na huɗu, tarihi a wurinsa bai tsaya kan sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Mafi yawan abin da ke cikin adakar rayuwar talakawa ce. Akwai taswirar gungu-gungu da ya zana da hannu, gida bayan gida, da sunan maigidan da sana'arsa. Akwai littafi guda na kifaye: giwan ruwa da tarwaɗa da kurungu da bargi da yauni da karfasa da faliya da warangi, kowanne da sunansa na Hausa da na Gunganci, da lokacin da yake yawa, da inda yake kwanciya. Ya rubuta yadda kifi ya yi ambaliya a shekarun farko bayan tare ruwa, har masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, da yadda daga baya ya ja baya. Akwai kayan su, birgi da taru da kalli da mamari da gura, da bayanin wanda ya shigo daga baya da hannun da ya kawo shi.

Akwai kuma bayanin ruwa biyu da kowane ɗan bakin Kwara ya sani. Farin ruwa shi ne na daminarmu, mai laka, wanda yake cika kogi wajen watan Satumba. Baƙin ruwa kuwa yana isowa ne da sanyin hunturu, tatacce, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can kafin ya iso mu. Baba ya rubuta yadda Gungawa suke auna dashen albasarsu da waɗannan ruwaye biyu kafin madatsa, da yadda lissafin ya rikice bayanta. Wannan darasin labarin ƙasa ne cikakke, wanda ya haɗa ƙofar makarantarmu da ƙasashe uku.

Kada kuma a ɗauka wannan ilimi na nishaɗi ne kawai. A ƙarƙashin tafkin nan akwai itatuwan da suka mutu a tsaye da duwatsun da ruwa ya rufe. Duk shekara idan ruwa ya ja baya, gab da zuwan farin ruwa, Baba yakan ɗauki filafilinsa ya bi inda kawunan kututture suka ɓullo, ya gwada da taswirarsa, ya ce wannan ɗorawar gidan wane ce, waccan maɗaciyar bakin kasuwa ce. Matuƙa jirage masu hankali sukan zo zaurensa su tambayi hanya. Mu da muka ga abin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ya nutse da mutane masu yawan gaske, ba ma bukatar a gaya mana cewa sanin ruwan nan maganar rai ce.

Yanzu bari in juyo kanmu. Kun sani cewa wajen 2009 aka cire Tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ma'ana, akwai matasan malamai a wannan zaure da aka ce su koyar da abin da su kansu ba a koya musu ba. Littattafan da suka iso hannunmu suna magana a kan Nok da Benin da Barno da Daular Usmaniyya, kuma hakan daidai ne, dole yaro ya san ƙasarsa. Amma ku buɗe su ku nemi sunan gungun kakan ɗalibinku. Ba za ku gani ba, kuma babu marubucin da zai zauna a Ibadan ko Zariya ya rubuta shi, domin bai san da shi ba. Ko aikin masana irin su Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan tarihin Yawuri, da Turanci yake, a ɗakunan karatun jami'a, nesa da ɗan aji huɗu. Haka kuma mutum-mutumin yumɓu masu shekaru fiye da dubu da masu binciken kayan tarihi suka haƙo kusa da Yelwa kafin ruwa ya taso: yaranmu nawa suka taɓa jin labarinsu?

Ƙa'idar farko da aka koya mana a darasin dabarun koyarwa ita ce a fara da abin da yaro ya sani, a bi da shi zuwa abin da bai sani ba. Yaronmu ya san tafki. A cikinsa yake wanka, daga cikinsa ake ciyar da shi. Idan ka ce masa a ƙarƙashin inda babanka yake jefa birgi akwai masallaci da kasuwa da kabarin kakan kakanka, ka kama hankalinsa, daga nan kuma kana iya kai shi Busa, ka kai shi Sakkwato, ka kai shi duk inda manhaja ta ce. Yaron da ya san cewa iyayensa sun ba da ƙasarsu domin Najeriya ta samu haske zai ɗaga kai idan ana maganar ƙasa, zai kuma san abin da zai tambaya idan ya girma ya ga ƙauyensu cikin duhu. Wanda bai san wannan ba zai taso yana ganin kansa ɗan wani lungu da babu abin da ya taɓa faruwa a cikinsa.

Ga halin da adakar take ciki. Gara ta fara cin littattafan da ke ƙasa. Ɗigar rufi ta jiƙa wasu, shafuka sun manne. Biron shekarun farko ya dusashe, sai an kai shi rana ake iya karantawa. Kusan rabin rubutun da ajami ne, ajamin kuma na hannun Baba, mai wasu alamomi da ya ƙirƙira domin sautukan Gunganci, harshen da yawancin jikokin Gungawa suka bari suka koma Hausa. Mutanen da za su iya warware waɗannan alamomi ba su da yawa, kuma dukansu tsofaffi ne. Iyalansa, Allah Ya saka musu da alheri, sun ƙi raba littattafan a cikin gado, sun kuma yarda su ba reshenmu aro, da sharaɗin a dawo musu da abinsu cikakke. Sun yi nasu. Saura namu.

Na san abin da wasunku suke faɗa a zuci, domin tare muke ciki. Ajin mutum ɗari, albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ƙarin girman da ake jira shekara da shekaru, sannan a ƙaro mana wani aiki? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina bin haƙƙinmu ba. Amma haƙƙinmu ko an jinkirta yana nan a rubuce, za a iya biyan bashinsa. Wannan aiki kuwa ba ya jira. Wanda yake da shekara 20 a 1968, a 1948 aka haife shi. Ku yi lissafin da kanku, ku kuma ƙirga irinsu nawa suka rage a unguwarku. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Saboda haka ina gabatar wa wannan taro da shawarwari biyar, waɗanda babu wadda take bukatar kuɗi mai yawa.

Ta farko, a kafa kwamitin mutum biyar da zai karɓi adakar a gaban iyalai da dagaci, a ƙirga littattafan, a sa wa kowanne lamba, a rubuta takardar aro kowa ya sa hannu.

Ta biyu, kafin a yi komai a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye a wuri uku dabam-dabam, ɗaya a hannun iyalai. Matasanmu masu wayoyi masu kyau, wannan naku ne, kuma hutun nan ya isa.

Ta uku, kowace makaranta ta ɗauki littafi guda, wanda ya shafi garin da iyayen ɗalibanta suka fito, ta juya shi zuwa boko. Malaman Arabiyya da na addini su ne jagorori a nan, tare da dattawan da suke jin Gunganci. A kwafa yadda yake. Kada a gyara masa Hausa, kada a share ruwayar da ba ta yi wa wani daɗi ba.

Ta huɗu, kowane zango a keɓe darasi guda a aji huɗu zuwa shida domin tarihin garinmu. A ba yara aikin gida su tambayi kakanninsu tambaya uku, su rubuto amsa da sunan mai amsar da garinsu na asali, kamar yadda Baba yake yi. Idan ya samu, a gayyato tsoho guda ya zauna a gaban aji.

Ta biyar, kira ne ga 'yan'uwanmu malamai mata. Akwai giɓi a cikin adakar nan wanda Baba da kansa ya ambata a wani shafi. Shi namiji ne, iyakarsa zaure. In ban da abin da maiɗakinsa ta jiyo masa, muryar mata ba ta da yawa a cikin littattafansa. Yadda ake bandar kifi da ginin tukwane, yadda aure ya ɗaure wannan gungu da wancan, abin da mace ta ɗauka da abin da ta bari ranar da aka ce a fito ruwa yana zuwa, duk suna bakin tsofaffin matan da ke cikin gidaje. Ku kaɗai kuke iya shiga ku zauna a kan tabarmarsu. Rabin tarihin nan yana hannunku.

Sakatare zai zagaya da takarda bayan addu'a. Wanda zai iya ɗaukar littafi guda ya rubuta sunansa da makarantarsa. Wanda ba zai iya ba, ya ba mu sunan tsoho ko tsohuwa guda da ya kamata a je a gani kafin damina.

'Yan'uwana malamai, Baba bai bar gona mai faɗi ba, bai bar gidan bene ba. Ya bar ɗaki biyu da tsamiya da kwale-kwale da adaka. Amma garuruwa da dama da ruwa ya shafe daga doron ƙasa suna nan da unguwanninsu da sunayen mutanensu saboda mutum guda ya ƙi yarda a manta da su. Aikin malami ke nan, ko da bai taɓa shiga aji ba: ya karɓa daga na gaba da amana, ya miƙa wa na baya ba tare da ha'inci ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa abin da ya rubuta ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suke kwance a ƙarƙashin wannan ruwa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri, Ya albarkaci zuriyarsa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ta dawo wuyanmu, Ya kyautata namu ƙarshen.